Ciwon Da Ke Tafiya Da Ƙafarsa

Mutumin da ya fara yi mini sannu da zuwa a ƙasar Ingila ɓarawo ne, kuma har yau ban daina yaba ladabinsa ba. A tashar jirgin ƙasa ta Landan muka haɗu, ina tsaye da akwatuna biyu ina ta raba ido kamar ɗan ƙauye ya shigo Kantin Kwari. Baƙin mutum ne irina, cikin kwat mai kyau. Ya dube ni ya ce, "Sannu, aboki," da irin Hausar da ake tsinta a bakin kasuwa. Ni kuwa da na ji "sannu" a wannan wuri sai na ji kamar an miƙo mini ruwan randa. Ya tambayi garin da za ni, na gaya masa. Ya ce layin tikiti da tsawo, in kawo ya riƙe mini akwati ɗaya in je in dawo. Na je na dawo, na neme shi ko sama ko ƙasa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma ina zama cikin jirgi sai dariya ta kama ni. Akwatin da ya zaɓa shi ne sabon, mai nauyin, mai kwaɗo biyu. Babu komai a ciki sai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da ƙullin kanwa, waɗanda Innata ta ɗura mini. Na so a ce ina wurin lokacin da ya ɓalle kwaɗon, daddawa ta yi masa sallama. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to ranar nan makafi biyu ne suka haɗu.

Sunana Haruna. A lokacin, farkon shekarun tamanin, ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin fata a Challawa, ina auna ƙarfin sinadaran jima. Gwamnatin jiha ta ɗebi irinmu ta tura ƙaro ilimi, ni aka jefa ni wani garin masaƙu a arewacin Ingila. Tsarin karatun shi ne kowa ya zaɓi ɗakin bincike ɗaya ya zauna ya koyi aiki da hannu. Abokan tafiyata suka zaɓi gwajin abinci da na ruwan sha, abin da zai amfane su in an koma gida. Ni na zaɓi ɗakin da ake binciken ciwon dajin huhu. Suka ce na zare, me ya haɗa majemi da huhu? Ina da dalilina.

Yayana Inuwa, ɗan farin Inna, ma'aikacin wata masaƙa ne a Bompai. Da tari ya fara, aka ce ƙurar auduga ce. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce daji ne a huhu. Ba a jima ba ya koma kukan baya, har ya kasa miƙewa. Daga nan abin ya hau kai, yana kiran mutane da sunan da ba nasu ba, hannu ɗaya ya shanye. Sannan Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta ce ba ta yarda ba. "Ciwon Allah wuri ɗaya yake zama," in ji ta. "Wanda ya tashi daga ƙirji ya koma baya, ya tashi daga baya ya hau ka, wannan turo shi aka yi, ana kuma nuna masa hanya." Wanda ta ɗora wa kuwa shi ne Tanko, aminin Inuwa, mutumin Damagaram, wanda aka ba muƙamin heluma, wato shugaban sashen kaɗi, da Inuwa ya kwanta. A zaman makoki ta faɗa gaban mata, maganar da aka yi gaban mata a Dorayi kuwa ba ta kwana a gida. Kafin sadakar arba'in ta isa Bompai. Abokan aikin Tanko suka fara janye jiki, masu cin abinci tare da shi suka koma cewa sun ƙoshi. Mutumin da ya koya mini hawan keke, wanda ya yi jinyar yayana yana ɗagawa yana kwantarwa, shi ne ya zama abin nunawa da baki. Na yi wa Inna magana har na gaji, amsarta ɗaya ce: "Kai ka gani da idonka?" Ban gani ba. Abin da ya kai ni ɗakin nan ke nan, in gani ko ciwon nan da kansa yake tafiya, in koma in wanke Tanko.

Garin da na sauka ya taɓa zama Bompai ɗin Turawa, amma na tarar da shi yana mutuwa. Dogayen bututan hayaƙi a tsaye ko'ina, babu hayaƙi, tagogin masaƙu a farfashe. Ni da na saba jiniya ta tashe ni, in bi ayarin kekuna daga Panshekara da Kumbotso ana ta ƙararrawa ana zolayar juna, sai ga ni inda safiya ba ta da sauti, ba ta ma da rana. Wallahi har warin jima na yi kewa, warin da in na koma gida Inna ke cewa in tsaya a soro in sauya riga.

Na sami ɗaki a can ƙuryar saman wani gida, inda in na miƙe tsaye kaina ke gaisawa da rufi. Sanyin ba irin namu ba ne da ake kora da bargo da shayi, wannan ƙashi yake shiga ya nemi wurin zama. Abinci kuwa dafaffen dankali, dafaffen kabeji, dafaffen kifi, duk babu wanda ya taɓa jin labarin yaji. A nan ne na fara tsine wa mai kwat da gaske. Wani mai kanti ɗan Pakistan ne ya cece ni. Ya ga ina ta ɗaukar gwangwani ina jujjuyawa ina ajiyewa, ya tambaye ni ko Musulmi ne. Ya shiga ciki ya fito da ɗanyar kuɓewa da garin barkono, sannan ya biyo ni har bakin titi ya nuna mini alƙibla da hannunsa. Tuwon shinkafa da miyar kuɓewa na ci ranar, ina ci ina hawaye, rabi na barkono rabi na gida.

Abin da ya fi sanyi damuna shi ne rashin gaisuwa. Ranar farko da na shiga bas na yi wa kowa ina kwana, kujera bayan kujera. Wata mata ta jawo jakarta ta rungume. Ni ɗan gidan malamai ne, marigayi mahaifinmu ko akuyar maƙwabci ya gani tana ɗingishi sai ya ce mata sannu. Gaisuwa ta taru mini a baki babu wanda zan ba.

Ɗakin binciken yana ƙasan wani babban asibiti. Shugabansa wani Farfesa ne dogo, mai magana kaɗan-kaɗan kamar yana tsoron kada kalmomi su ƙare. Amma mai ɗakin ta gaskiya ita ce Madam Agnes, babbar ma'aikaciya, gajeriya mai furfura, wadda ko Farfesa in ya ji takunta sai ya gyara tsayuwa. Ita ta nuna mini aikin. Jikin mutum, in ji ta, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Daji shi ne wasu daga cikinsu su ƙi jin magana, su yi ta haihuwa babu tsayawa. In likita ya yanko ƙari daga huhun majiyyaci, sai a kawo mana ɗan yanki, mu warware ƙwayoyin mu zuba su a 'yan farantai masu murfi, cikin wani ruwa mai launin hoda wanda shi ne abincinsu, mu sa a akwati mai ɗumin jikin mutum. In an kwana biyu a sauya musu ruwa. Kiwo ne sosai, sai dai dabbobin ba sa kuka.

Tun ranar farko Farfesa ya gindaya mini sharaɗi. Wanda bai iya raya ƙwayoyi ba, ba zai taɓa aikin binciken yaɗuwa ba, wajen masu gwajin ruwa za a mai da shi. Na ce to. A raina na ce, ni da nake riƙe da ɗakin gwaji guda a Challawa, ruwan hoda ne zai gagare ni?

Da Madam ta miƙo mini farantaina na farko ta ce, "Ka kula da su. Na wani tsoho ne da ke kwance a bene na sama, kwanan nan aka yi masa aiki." Maganar nan ta zauna mini. Ashe ba sinadari ba ne a hannuna, yankin mutum ne, mutumin kuma yana can sama yana jin jiki. Cikin wani akwati mai fuskar gilashi ake yin aikin, ka zura hannuwa ta ƙasa. Gilashin yana hana ni gani sosai, sai in ɗan ɗaga shi in sunkuya. Kuma duk farantin da na buɗe sai in yi bisimilla, in ce a hankali, "Sannu. Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne." Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Haka aka tashe mu, ba a tsaya a kan mara lafiya baki a rufe.

Ba a rufa mako ba ruwan hodana ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kauri kamar gasara. Madam ta ɗaga farantin ta duba ta ce ƙwayoyin cuta sun shiga sun cinye komai. Aka ba ni wasu, suka bi na farko. Aka sake ba ni, haka. Na wanke hannu har fatar ta tsage. Na yanke farce har ya yi jini. Wani ɗalibi ya ce wataƙila hulata ce, na cire hula, na yi ta yawo da kai a buɗe kamar ɗan dambe. Wani ya ce man da nake shafawa ne, na bar mai, na yi fari fat. Duk da haka suka mutu. Abin ya yi mini ciwo, don na ga yadda sauran ɗaliban suka fara janye farantansu daga kusa da nawa, sai na tuna Tanko.

Farfesa ya kira ni ofis. Ya ce abin da ya rage na ƙwayoyin tsohon nan kaɗan ne, a daskare, ba za a ƙarar da su a kaina ba. Sau ɗaya ya rage mini. Na fito na koma bakin aikina. Ba kunyar komawa gwajin ruwa ce ta dame ni ba, a'a, in sauka Kano Inna ta dube ni in ce har yanzu ban gani ba.

Ranar da zan gwada, Madam ta ce in bar na tsohon tukuna, in yi da farantai marasa komai. Ta jawo kujera ta zauna bayana. Na wanke hannu, na zauna, na buɗe na farko, na buɗe na biyu.

"Da wa kake magana?" ta tambaya.

"Ba magana nake ba, Madam."

"Leɓɓanka suna motsi, kuma rabin kanka yana cikin akwatin."

Na ji kunya ta rufe ni. Na yi mata bayani da guntun Turancina, cewa a wurinmu ba a zuwa kan mara lafiya ba a gaishe shi ba, har ya zame mini jiki. Na jira dariya. Ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗauko farantai biyu masu wani abu kamar daskararren romo, irin wanda ƙwayoyin cuta ke so. Ta ce in buɗe ɗaya baki a rufe, ɗayan kuma in gaishe shi yadda na saba, har da addu'ar. Na yi. Ta rufe su ta ajiye a akwatin ɗumi.

Ranar Litinin ta kira ni ta jera su gabana. Ɗaya tas kamar yadda aka ajiye shi. Ɗayan ya cika da ɗigo-ɗigo farare da rawaya. Ta nuna shi da alƙalami ta ce, "Ga gaisuwarka nan ta tsiro."

Na yi dariya har na riƙe tebur, ita ma sai a lokacin ta saki tata. Wata da watanni ina zargin hula da mai da ruwan famfo, ashe ɓarawon yana cikin bakina. Ta ba ni takunkumin rufe baki, ta sauke gilashin ta ce kada in ƙara ɗaga shi. "Kakata ma da kajinta take hira," in ji ta. "Ka yi addu'arka a bakin ƙofa kafin ka shigo. In kuma gaisuwa ce ta dame ka, mai ƙwayoyin yana sama, kuma ba kowa ke zuwa duba shi ba."

Ƙwayoyin suka rayu. Na leƙa madubi na gan su sun shimfiɗu sun cika faranti, na ji daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka ɗauke ni aiki. Da yamma na sayi lemo na hau bene.

Sunan tsohon Walter, tsohon ma'aikacin masaƙa, siriri, yatsunsa biyu sun rine da taba. Ya ce tun gemu bai fito masa ba yake sha. Da na ba shi labarin abin da ya faru, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni ina nan ina fama, kai kana ƙasa kana yi wa maƙiyana sannu!" Ya huta, ya ƙara da cewa, "Amma tsaya, ka ce gaisuwar ce ta kashe su? To ai ka gano maganin. Matso ka gaishe ni a ƙirji." Daga ranar na sami wurin kai gaisuwata. Muna hirar masaƙa, yana tambayata wace irin na'ura ake amfani da ita a Bompai, in na kwatanta ya ce ai tsofaffinsu ne aka sayar mana. Ko da aka sallame shi ya koma gida, duk Lahadi ina can.

Aikin da na zo dominsa kuwa ga yadda yake. Wani ɗan ƙoƙo ne mai hawa biyu, tsakaninsu tantani, an shafe shi da irin abin da ke shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini. Sai a zuba ƙwayoyi a hawan sama, a rufe, a jira. Lafiyayyun ƙwayoyin huhu inda ka ajiye su nan za ka tarar da su. Na daji kuwa, in ka dawo sai ka sami wasu a ƙasa, sun ƙetare. Farfesa ya ce wani ruwa suke fitarwa mai cinye tantanin, su huda su kutsa. Wannan bai yi mini wuyar ganewa ba, don mu ma muna jiƙa fata da abin da ke cin zarurrukanta ta yi laushi, kamar yadda majeman cikin gari ke yi da kashin tattabara. In ƙwaya ta huda bangon jijiya ta faɗa cikin jini, to ta sami mota. Inda jini ya sauke ta, ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, in wurin ya karɓe ta sai ta kafa gida ta fara haihuwa.

Nawa aikin shi ne in ɗiga magunguna iri-iri a hawan sama, in duba ko za su hana ƙetarewar. Yawancinsu ko gezau. Wata rana ɗaya ya rage su ƙwarai, na ruga ofishin Farfesa ban ko ƙwanƙwasa ba. Ya duba sakamakon ya daɗe, sannan ya ce, "Faranti ba mutum ba ne, Haruna. Abin da ya tsai da su a nan yana iya kashe mai su kafin ya tsai da su. Amma a sake gwadawa, tubali ɗaya ne." Na ji haushinsa ranar. Daga baya na gane gaskiyarsa, aikin nan gini ne da mai aza harsashi ba lallai ya ga rufi ba.

A cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar bazararsu, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa. Ka yi la'asar, ka jira, ka gaji, ka leƙa taga ka gan ta tsaye tana kallonka. Na rame har wandona yana neman zamewa. Sai kawai na ga Madam ta mai da duk aikin madubi na safe nawa, ta kuma daina buɗe abincinta a inda zan ji ƙamshi.

Bayan salla ne aka nuna mana fim ɗin. An ɗora kyamara a kan madubi, ta ɗauki hoto ɗaya, ta jira, ta ɗauki wani, haka har aka kwana aka wuni. Da aka haɗa hotunan aka saki da sauri a jikin bango, sai ga ƙwayoyin Walter, waɗanda ni na raya da hannuna, suna motsi. Na zuba wa ɗaya ido. Ta miƙa wani abu kamar ƙafa, ta kama, ta jawo jikinta. Ta sake miƙawa. Ta rabu da 'yan uwanta ta nausa ita kaɗai. Babu mai tura ta, babu mai nuna mata hanya. Ɗalibai suna ta rubutu, ni kuwa yayana nake gani kwance a kan tabarma yana cewa a danna masa baya. Na gode Allah da aka rage fitila, don hawaye nake yi sosai, kuma na sauƙi ne, kamar an sauke mini kaya.

Da sanyi ya dawo, wata Lahadi na tarar da Walter ya kasa tashi ya buɗe mini ƙofa. "Bayana ne," in ji shi. Na san hanyar, na san kuma zangon da ke gaba. A ranar na ba shi labarin Inuwa da Inna da Tanko, wanda ban taɓa ba kowa ba a ƙasar. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Gaya wa mahaifiyarka, ni babu wanda ya gaji kujerata. Masaƙar ma rufe ta aka yi." Ya sa aka kira maƙwabcinsa mai kyamara, ya ce a ɗauke mu tare. "Ka kai mata ni," ya ce. "Ƙwayoyi ba su da fuska." Ya sa aka taje masa kai kafin a ɗauka.

Ya kai bazara. A ƙarshe yana kirana da sunan ƙaninsa da ya rasu tun suna yara, ni kuma ina amsawa. Na je jana'izarsa na tsaya daga baya cikin babbar riga. Ƙwayoyinsa kuwa na bar su da rai a hannun Madam, ana ci gaba da gwada musu magani. Da zan tafi ta ba ni hannu ta ce "sannu" da Hausa, ta faɗe ta a karkace, na karɓa a haka.

Na sauka Kano da damina. Na bari 'yan sannu da zuwa suka ragu, sannan wata safiya na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna na jera mata hotunan madubi. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi sama da ƙasa. "Wannan ƙwan kwaɗin ka tafi Ingila ka ɗauko?" Na yi bayanin tantani da jini da ƙafar ƙwaya, tana ji tana tsintar wakenta. Na ga dai ba ya shiga. Sai na miƙa mata hoton Walter.

Ta ajiye faifan. "Wane ne wannan tsohon?"

"Abokina ne, Inna. Ma'aikacin masaƙa. Irin ciwon Yaya ne ya kashe shi."

"Da ina ya fara?"

"Da ƙirji."

"Sannan?"

"Baya."

Ta daɗe tana kallon hoton. "Sannan ya hau ka," ta ce, ba tambaya take ba. "Ya riƙa kiran mutane da sunan wasu."

"Haka aka yi. Kuma bai san Bompai ba, bai san Tanko ba, babu wanda ya gaji aikinsa. Likitocin can sun ce yawanci taba ce ke jawo shi." Na haɗiye sauran maganar, don ba a taɓa ambata wannan a gabanta ba.

"Ka ƙarasa mana," ta ce. "Kana tsammani ban san yana sha ba? Ni nake wanke wa yayanka riga kafin ya yi aure. Shi wancan ɗin ya sani?"

"Tanko? Kullum faɗansu a kanta ne. Ya sha karya masa karan taba."

"Kuma duk abin da na faɗa a kansa bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da ɗana yake yi ba."

"Bai taɓa ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zaci shi ke nan, ta rufe maganar. Can sai ga ta da mayafi da takalmin unguwa. "Nemo mana tasi," ta ce. Na ce in Tanko take so, bari in je in kira shi gida, ai shi yaro ne. Ta harare ni. "A gaban mutane na faɗa. A ɗaki zan janye?"

Mun isa ƙofar masaƙar daidai tashin masu aikin safe. Jiniya ta yi kuka, ma'aikata suka ɓarko da auduga a gashi da gira, masu abinci suna ta kiran ciniki. Inna ta tsaya a tsakiyar rana ta ƙi shiga inuwar katanga. Tanko ya fito daga can baya shi kaɗai, yana tura keke. Ya yi furfurar da ban bar shi da ita ba. Da ya hango ta sai ya tsaya cak, sannan ya jingine keken ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Barkanku da rana, Inna."

Sai ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma za su ji. "Ku mutanen nan, ni ce tsohuwar da ta ce wannan bawan Allah ya jefi ɗanta. Ƙarya na yi masa. Ciwo ne na Allah, har Turawa yana kashewa. Wanda ya ji ta farko ya kai, to ya ɗauki wannan ma ya kai." Wurin ya yi tsit, har mai ƙosai ta bar juya mai. Sannan ta dubi Tanko. "Na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

"Haba Inna, ai ba ku yi mini komai ba."

"Kada ka yi mini ƙarya ina tsaye a rana. Ka ce ka yafe."

Ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya ce, "Na yafe, Inna. Duniya da lahira."

Ta sunkuya ta dafa kansa. "Tashi," ta ce. "Kai ka yi jinyar Inuwa."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba, ko yana raye ko bayan ransa, sai ranar.